Baƙin Fenti a Tanderun Baba Abdu

Da an ɗaure gero an kai rumbu, Matameye sai ta fara zubar da mazanta. Kowace safiya tasha a cike take, samari da magidanta kowa da jakar buhunsa, wannan Kano, wancan Kaduna, wani ma har Ikko, kuma ba za a sake ganin ƙeyarsu ba sai hadari ya fara haɗuwa a gabas. Shekara da shekaru Ɗan'azumi yana cikin masu tafiya cin ranin nan, amma bana ya rantse ba inda za shi.

Dalilin nasa bai kai ya kawo ba a idon mutane. Bara da ya dawo, ya shigo gida da tsarabarsa niƙi-niƙi, sai 'yarsa Sakina ta ƙwalla ƙara ta ɓuya bayan zanen uwarta. An yi kusan wata tana kiransa "mutumin nan". Kowa ya yi dariya, har Balki matarsa. Shi kam bai yi ba. Abin ya ci masa rai ƙwarai, ya ce shi da cin rani sai dai labari.

Kuma ba hannu rabbana ya dawo ba. A Kano ya yi aiki wurin wani mai fentin wili, wato ƙarfen nan da ake ɗaura taya a kansa. Ba fentin ruwa ba ne irin na gwangwani. Gari ne busasshe, mai laushi kamar hoda. A kankare ƙarfe fes, a fesa masa garin da wata bindiga mai aiki da lantarki wadda ke sa shi mannewa, sa'an nan a gasa. Zafi ya narkar da garin ya zama fata guda mai sheƙi, wadda tsakuwa ba ta ɓare ta, rana ba ta cin ta. Ɗan'azumi ya iya aikin nan har ubangidansa na bar masa shago. Ya dawo da tsohuwar bindigar feshi, da ƙaramin injin iska, da ledojin gari. Abu ɗaya ne bai ɗauko ba, don ba ya ɗaukuwa: tanderun ƙarfen da ake gashin, mai girma kamar ɗakin girki.

To, mutum da sana'a a hannu ba wurin yi, ai kun san yadda yake zama. Ya fita tasha ya ga abokansa na hawa mota, ya dawo gida. Ya kwance bindigar ya goge ya mayar, alhali ko ƙura ba ta hau ta ba. Ya zauna, ya tashi, ya leƙa rumbu kamar geron zai gudu. Ko tabarma ya hau, ƙafarsa ba ta daina rawa.

"Kai kam zaman nan naka ya fi tafiyar gajiyar da mutum," in ji Balki. "In ƙaiƙayi ƙafar ke yi, ga turmi can."

Ana haka sai Alhaji Zainulabidin ya aiko kiransa. Alhaji na da doguwar mota mai jigilar fasinja tsakanin Matameye da Kano, kuma mutum ne mai son a ce tasa ta fi ta kowa. Ya zaro waya ya nuna masa hoton wata mota mai baƙin wili, sai ƙyalli take yi.

"An ce kai ma ka iya irin wannan?"

"Na iya, Alhaji."

"A nan Matameye?"

"A nan."

"To, mota za ta kwana biyu a garaji ana gyaran inji. Ka kwashi ƙarafan. In ka yi mini ya yi kyau, duk masu motocin layin nan zan turo maka, har na Kurni da Dungu. In kuwa ba za ka iya ba, ka faɗa mini tun yanzu, Kano ba ta ƙaura ba."

"Zan iya, Alhaji," in ji Ɗan'azumi, bakinsa ya riga tunaninsa.

Ya ɗora ƙarafan a amalanke ya kai gida, ya hau kankara da buroshin ƙarfe. Hannu na aiki, kai na yawo. Ya yi tunanin durom, ya ga wili ba zai zauna ciki ba tare da ya taɓa gefe ba. Ya je wurin maƙera, murhunsu wuta tsirara ce, za ta ƙone garin ne kawai. Ya tambayi mai walda ko zai haɗa masa akwatin ƙarfe, mai walda ya ce sai bayan Maulidi. Duk wannan zagaye-zagaye kuwa yaudarar kai ce, don tun a gaban Alhaji ya san tanderun da yake nufi. A garin kaf, guda ɗaya ne mai faɗin baki da zafi mai kwanciya, kuma na surukinsa ne, Baba Abdu mai burodi, mahaifin Balki.

Baba Abdu da hannunsa ya gina tanderun nan da jar ƙasa da tubali, tun Balki na goye. Tanderun ne ma ya raba shi da cin rani, don shi ma a ƙuruciyarsa ya sha kwanan gidajen burodin Kano. Masu shayin tasha da na kasuwa duk wurinsa suke ɗauka. Kuma kowa ya san dokarsa: ban da ƙullun burodi, ba abin da ke shiga tanderun. Da babbar salla manyan Alhazai kan roƙe shi ya gasa musu rago, ya ce a'a, ƙasa tana riƙe wari, burodinsa ba zai yi ƙarnin nama ba.

Shi ma Ɗan'azumi yana da tasa dokar da ya sani. Ubangidansa na Kano ya taɓa kama wani ma'aikaci yana ɗumama abinci a tanderun fenti, ya kusa korarsa, ya ce abin da ya gasa garin nan ya rabu da abinci har abada. Ɗan'azumi na wurin aka yi. Amma sai ya ce wa kansa wancan na ƙarfe ne, wannan na ƙasa, wutar itace za ta lashe komai. Sau ɗaya ne kawai. Mutum in yana son abu, hujja ba ta yi masa wuyar samu.

Sai dai ba a tarar suruki da roƙo baki da baki. Tun da aka yi auren, maganar da ta taɓa haɗa su ba ta wuce gaisuwa ba, shi a tsugune, takalma a can nesa, ido a ƙasa. In ya hango Baba Abdu a hanya, lungu yake shiga. Balki ma ba za ta iya ba, ita ce 'yar fari, uban ko sunanta ba ya kamawa. Don haka ya nufi Goggo Hauwa, ƙanwar Baba Abdu, wadda duk saƙon da ke tsakanin gidajen biyu ta bakinta yake bi.

Goggo Hauwa ta saurare shi tana tsinke zogale.

"Ƙarfe? A tanderun Yaya?"

"Na ɗan lokaci ne, Goggo. Bayan an kwashe burodin safe, zafin da ya rage ya isa."

"Ba abin da zai yi wa tanderun?"

"In sha Allahu."

Ta ɗago ta dube shi. "Ka san dai ba zai ce maka a'a ba. Ba ka taɓa roƙonsa komai ba, ga shi mijin 'yarsa. Ko mota ka ce za ka tura ciki, to zai ce."

Ɗan'azumi ya sunkuyar da kai. Ya sani mana. Gaskiyar magana, saninsa ne ma ya kawo shi. Da wani ne mai tanderun, da za a yi tambaya, a yi musu, a ce kawo garin mu sansana. Kunya ce kawai za ta buɗe masa wannan ƙofa, kuma ita ya zo ya jingina da ita. Ya fita daga gidan yana fatan a ƙi, yana kuma tsoron a ƙi.

Kafin la'asar amsa ta zo. Baba Abdu ya ce to, ya zo da hantsi.

Washegari ya tura amalanke zuwa gidan burodi. Baba Abdu ya riga ya fice, wai ya tafi gaisuwar rasuwa Tsauni, don kada su haɗu a takura wa juna. An share masa wuri, an ajiye masa ruwa a buta, har tabarma an shimfiɗa. Wannan karamci ya fi zagi ciwo, amma Ɗan'azumi bai tsaya jin ciwon ba. Garin fenti ba ya son jijjiga, in aka fesa a gida aka ɗauko zai zube a hanya, saboda haka a nan tsakar gidan burodin ya ja wuta ya yi feshin. Baƙin gari ya tashi, rabi ya manne a ƙarfe, saura iska ta raba shi yadda ta ga dama. Ya jera tubala a cikin tanderu, ya ɗora wili a kai, ya toshe baki.

Ya kasa zama. Ya zagaya tanderun, ya kara kunne, ya sake zagayawa. Wani wari ya fara fitowa ta ƙofar hayaƙi, irin na leda in ta faɗa wuta. Ya ce wa kansa zai wuce.

Da ya buɗe, sai da ya yi salati. Ko a Kano bai taɓa fitar da aiki irin wannan ba. Baƙi wuluk, sumul, ba ƙuraje ba ɗigo, yana ganin fuskarsa a ciki. Zafin ƙasa mai kwanciya ya yi abin da na gas bai iya ba. Ya gasa sauran ɗaya bayan ɗaya, zuciyarsa fari tas. Garin da ya zuba a daɓen tanderun ya narke ya shige cikin tubali, ya bi shi da tsintsiya, tsintsiya ta wuce ta kansa. Ya cusa itace ya kunna wuta babba, ya ce ta ƙarasa sauran, ya kwashi kayansa.

Ranar da aka ɗaura wa motar Alhaji ƙafafunta, tasha ta tsaya cak. Direbobi suka kewaye ta, wani na shafawa, wani na ƙwanƙwasawa da mabuɗi don ya ga ko zai ɓare. Alhaji Zainulabidin sai washe baki yake yi kamar shi ya yi aikin. Nan take mutum biyu suka ce nasu na gaba. Ɗan'azumi ya gaya wa direban motar Alhaji cewa sabon fenti yakan sa noti ya saki, in an yi 'yan sawu a kawo ya sake ɗaurewa. Ya koma gida da tsire, ya ɗauki Sakina ya cilla sama, ta yi dariya ta kama masa gemu.

A wannan safiyar ce kuma masu shayi suka fara mayar da burodi.

Ba a gaya masa ba. A teburin mai shayi ya ji, wani fasinja ya gutsura ya tofar, ya ce wannan burodi ko da taya aka gasa shi? Mai shayi ya hango Ɗan'azumi, ya yi sauri ya kawar da zancen. Ɗan'azumi ya sayi guda ya tafi da shi bayan tasha. A ido lafiya lau, jawur. Ya kai baki. Ɗaci ne siriri, da warin nan na ƙonanniyar leda, ya kama masa maƙogwaro ya ƙi sauka.

Daga nan barcin rana ma ya ƙaurace masa. Kullum sai ya bi ta bayan gidan burodi, ba ya shiga, ba ya wucewa. Yana jin ƙarar kankara daga ciki, Baba Abdu na fama da daɓe. Wata rana hayaƙi ya yi ta tashi tun safe har yamma, an ƙona itacen da zai yi mako. Aka shafe cikin da sabuwar ƙasa. Aka sake gwadawa, burodi ya fito da warinsa. Zafi na shiga tubali, abin da tubali ya sha sai ya dawo da shi. Masu shayi suka yi haƙuri iya haƙuri, sa'an nan suka fara karɓar burodin da motocin Damagaram ke saukewa.

Balki ta daina tsokanarsa, abin da ya fi damunsa ke nan. Ta ajiye masa tuwo, ta koma gefe.

"Ki yi magana mana," ya ce.

"In ce me? Can ubana, nan mijina." Ta juya masa baya. "Abu ɗaya nake so in sani. Ka san haka za ta faru?"

Ya buɗe baki zai ce in sha Allahu ya yi zaton alheri, sai ya kau da kai. Balki ta gyaɗa kai, ta ɗauki Sakina ta shiga ɗaki.

Ya yi ta maza ya tafi gaida surukinsa. Ya tuɓe takalma tun daga zaure, ya tsuguna. Baba Abdu na zaune kan buhun fulawa da ba a kwance ba, hannayensa duk sun sassale.

"Ina wuni, Baba."

"Lafiya lau. Ya iyali?"

"Lafiya lau."

"Ya aiki? Na ji an ce ya yi kyau."

"Alhamdu lillahi."

"Madalla. Allah ya sa albarka."

Shi ke nan. Ɗan'azumi ya zo da magana cike da ciki, amma ta ina zai fara? In ya ce a yafe masa, ya tilasta wa dattijo ya amsa cewa an yi masa laifi, wannan kuwa Baba Abdu ba zai taɓa furtawa ga mijin 'yarsa ba. Kunyar da ta buɗe masa tanderu ita ce yanzu ta rufe masa baki. Ya yi sallama ya tashi.

Mafita ɗaya ce, kuma ya san ta. Sai an rushe tanderun an gina sabo, ga tubali, ga ƙasa, ga jiran bushewa, ga gida mai cin abinci kullum. Wanda ya ɓata shi ya kamata ya ɗauki jaka ya koma Kano wurin ubangidansa, ya yi rani yana aikowa. Ya ɗauko jakar buhunsa daga saman rumbu ya kakkaɓe. Sakina ta zo ta shige ciki tana wasa, ya mayar da jakar. Washegari ya sake ɗaukowa. Ya ce bari a ga Juma'a. Juma'a ta wuce, ya ce bari ya sallami masu motocin da suka yi masa magana, ko da yake bai san inda zai gasa musu ba. Kullum da niyyarsa yake kwana, kullum kuma da wani uzuri yake tashi.

Ran nan da sassafe direban Alhaji ya kira shi, ya ce ga mota na lodi, ya zo ya ɗaure notin nan kafin su kama hanya. Ya ɗauki sifana ya nufi tasha. Mota ta kusa cika, ana ta ɗaure kaya a sama. Ya durƙusa a ƙafar baya ya fara aiki. Wili na nan yadda ya fito, ko ƙwarzane babu.

Yana kan noti na biyu sai wasu ƙafafu suka tsaya kusa da ƙofar mota. Tsofaffin ƙafafu, cikin takalmin roba, da tabon ƙuna a bayan ta dama. Bai buƙaci ɗaga kai ba. Kusa da su aka dire jakar buhu, da tabarma a naɗe, da buta.

Tashi ba dama, gudu ba dama, ga shi dama a durƙushe.

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya lau," in ji Baba Abdu, yana duban wani wuri.

Direba ya zagayo yana murna. "A'a, Baba Abdu! Yau kai ne a motarmu? Ziyara za a je?"

"Aiki dai. Akwai wani gidan burodi a Fagge, na san uban mai shi. An ce suna neman mai kwaɓi."

"Kai Baba, da girmanka? A tsaye fa ake kwana a wuraren nan."

"Na san yadda ake kwana." Ya miƙa jakarsa aka ɗora sama. Sa'an nan ya gyara murya, ya ci gaba da magana da direban, da ƙarfin da na durƙushe zai ji. "In ka ga mai aikin nan, ka gaya masa mabuɗin gidan burodi na wurin Hauwa. Tanderun ba ya son ɗanyen itace. Kuma gefen hagu ya fi zafi, ya riƙa juya ƙarfen. Ya riƙe sana'arsa da kyau, ya zauna cikin iyalinsa. Yarinya ƙarama ba ta jure rashin uba."

Direba ya dubi Baba Abdu, ya dubi Ɗan'azumi da ke ƙasa, dariyarsa ta ɗauke. "Zai ji, Baba."

Ɗan'azumi ya so ya miƙe ya ce a sauke jakar nan, shi ne zai hau. Kalmomin na nan a bakinsa. Amma ba a yi wa suruki musu, balle a tsakiyar tasha, gaban direbobi da masu shayi. Kuma can ƙasan zuciyarsa akwai wani abu da ya ji sanyi da aka ce ya zauna, wannan ne ya fi komai ba shi kunya. Hawaye suka cika masa ido har ya daina ganin notin.

Baba Abdu ya dafa ƙofa ya hau da ƙyar. Wani saurayi ya matsa masa, ya zauna a kujerar baya, daidai saman tayar da ake ɗaurewa. Motar ta ɗan nitse da nauyinsa.

"Malam, ka gama?" in ji direba a hankali. "Rana na yi."

"Saura kaɗan."

Ya goge ido da hannun riga. Hanyar Kano doguwa ce, ga ramuka. Ya kafa sifana, ya taka ta da ƙafa, ya bi notin ɗaya bayan ɗaya ya ɗaure su tamau yadda ba abin da zai saki, sa'an nan ya ja da baya aka tayar da mota.